Kafin ka kira mai feshi gidanka a Jos

A ƙarshen daminar bara kuɗin cizo ya shiga gidanmu da ke Unguwar Rogo, kuma har yau ina zargin wata kujerar kushin ta hannu da na saya saboda sauƙin kuɗinta. Ba mu farga ba sai da muka fara ganin baƙaƙen ɗige-ɗige a bakin ɗinkin katifa, yara kuma suna tashi da safe da ƙuraje a jere a damtse. Duk wanda ya taɓa fama da wannan ƙwaro ya san kunyarsa ta fi cizonsa zafi, domin kullum zuciyarka na ɗar-ɗar kada baƙo ya zauna a falo ya ga ɗaya yana tafiya a wuyan rigarsa.

Na yi abin da yawancinmu ke yi, wato na nemi wanda ya fi kowa araha. Wani saurayi ya zo da tankin feshi goye a baya, maganin kuma a cikin tsohuwar gorar ruwa wadda babu ko takarda a jikinta. Na ce masa, "Malam, mene ne sunan maganin nan?" Sai ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, haɗi ne na musamman, ko maciji ba ya sha." Na ba shi naira 8,000, ya fesa ɗakuna uku cikin rabin sa'a, bai ɗaga katifa ba, bai kwance gado ba. Kwana uku wari bai bar gidan ba, ƙaramar 'yata ta yi ta tari, sannan kafin mako biyu su cika ƙwarin suka dawo kamar an gayyato su. Lambar wayarsa kuwa ta daina shiga.

Daga baya na fahimci dalili. Yawancin magungunan feshi ba sa kashe ƙwan kuɗin cizo, ƙwan kuma yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10, saboda haka feshi ɗaya, komai ƙarfinsa, rabin aiki ne. A ganina, mai feshin da bai sa zuwa na biyu bayan mako biyu a cikin farashinsa ba, ba sauƙi ya yi maka ba, sau biyu za ka biya. Hausawa sun ce araha ba ta ado, ni kuwa na ga ba ta ma hana susa.

Abin da ya fi damuna shi ne gorar nan marar suna. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da ire-irensa masu sinadarin DDVP a kasuwannin yau da kullum, domin maganin gona ne, amma har yanzu da shi wasu ke haɗa fiya-fiya su fesa a ɗakin da jariri zai kwana. Mafi muni, akwai masu ajiye ƙwayar da ake sa wa buhun wake a ƙarƙashin gado, alhali iskar da take fitarwa tana kisa. Haƙƙinka ne a nuna maka ainihin mazubin maganin da lambar rajistarsa, a kuma gaya maka tsawon lokacin da iyali za su yi a waje. Masu wannan sana'a hukumar kula da lafiyar muhalli ta ƙasa, wato EHCON, ce ke ba su lasisi, kuma jami'an duba-gari na ƙaramar hukuma sun fi kowa sanin masu aikin gaskiya a yankinsu.

Mai feshi na biyu da na ɗauka ta hanyar wani duba-gari ya ƙi yanka farashi sai da ya zagaya gidan da tocila, ya leƙa bayan kabad da tsagar bango. Shi ne ya ba da shawarar da ta rage mana kuɗi ƙwarai: tunda gidan haya ne mai sassa huɗu, kuma kyankyaso da kuɗin cizo ba su san iyakar sashe ba, mu haɗa kuɗi a fesa duka rana ɗaya. Mun biya rabi a zuwan farko, ragowar bayan na biyu. Matan gidan suka wanke zannuwa da ruwan zafi, kujerar kuma na ƙona ta.

Mai feshin ya kuma toshe ramukan ɓera na kicin da siminti maimakon zuba guba, kuma ban yi masa gardama ba, domin a nan Jos zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa, ya kashe ma'aikatan asibitin mishan a 1969 da 1970, kuma da rani ya fi yaɗuwa. Yanzu hatsinmu yana cikin durom mai murfi, lambar mutumin kuma na rubuta ta a bangon zaure don maƙwabta.