Jan gilashin zinariya ba fenti ba ne

Mutane da dama suna ɗauka cewa jan gilashin da ake yi da zinariya launi aka zuba masa tun a tukunyar narkarwa. Ba haka ba ne. Zinariyar da ake sawa ƴar kaɗan ce, kusan kashi 0.01 zuwa 0.03 cikin ɗari, kuma narkakkiya take shiga. Idan gilashin ya huce da sauri, garau yake fitowa, ko da ɗan ruwan ɗorawa.

Jan ba ya fitowa sai an sake gasa gilashin, a zafin digiri 500 zuwa 700 na ma'aunin Celsius. A nan kuzar da aka haɗa a cikin gilashin tun farko take mayar da zinariyar asalin ƙarfenta. Zafin ya sassauta gilashin, ƙwayoyin zarra na zinariyar su riƙa matsawa suna cuɗuwa, har su zama ɗigo masu girman nanomita goma zuwa hamsin (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Waɗannan ɗigon suna shanye koren haske, ido ya ga ja.

Wurin da aiki ke lalacewa shi ne lokaci. A cire da wuri, launin ya fito a koɗe. A bar shi ya daɗe, ɗigon su yi girma, gilashin ya gurɓace ya koma launin hanta.