Gadar sama ta yi kyau, amma yaranmu a ƙananan mararraba ake bugewa

Duk wanda ya san Kano shekara 15 baya ya san an yi aiki a manyan titina, wannan ba abin musu ba ne. Kwankwaso ya yi gadar sama ta Kofar Nassarawa da ta ƙasa a Kabuga da Gadon Kaya, Ganduje ya yi ta Dangi da ta Hotoro, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta kama Tal'udu da Dan Agundi. Goslo ya ragu a wuraren, mun gode Allah. To amma duk waɗannan ayyuka mota aka yi wa, don ta wuce da sauri, kuma motar nan da ta sauko daga kan gada da gudunta ai ba a sama za ta ƙare ba, cikin unguwa za ta shiga, inda layi ya haɗu da titi, inda 'yan Islamiyya ke tsallakawa da yamma riƙe da hannun ƙannensu.

Kusan kowace unguwa tana da irin wannan mararraba, kowa ya santa, har suna ake sa mata. Uwa za ta aiki yaro ta ce kar ka bi ta nan, zagaya ta baya. Ranar da aka buge yaro sai matasa su fusata su tare hanya su ƙona taya, da daddare a yi karo-karo a sayo siminti a zuba tudu a tsakiyar titi kamar kunyar dankali, ba fenti ba alama, kwana kaɗan wani mai babur da bai san da shi ba ya zo cikin duhu ya yi sama ya karye. An yi maganin wani haɗari an ƙirƙiro wani. Ni dai ba na ganin laifin mutanen unguwa sosai, wanda ya ɗauki gawar ɗansa daga kan kwalta ba za ka ce masa ya jira kasafin kuɗin baɗi ba. Laifin na hukumar da ta bar su su zama injiniyoyin kansu ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, fiye da rabin masu mutuwar kuma masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a, alhali mu ne muka fi ƙarancin motoci. Wanda yake ganin alƙaluman Turawa ne kawai ya leƙa Asibitin Ƙashi na Dala ko emajensin Asibitin Murtala ya tambayi majinyata abin da ya kawo su.

Gudu shi ne uwar matsalar, kuma lissafinsa ba wuya. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, mai kilomita 30 kuma mita 8 da ɗoriya. Direba lafiyayye wanda ba ya danna waya yana buƙatar kamar daƙiƙa guda tsakanin ya ga yaro da ya ɗora ƙafa a burki. Ke nan a daidai inda mai 30 ya riga ya tsaya cak, mai 50 yanzu ne ma ƙafarsa take isa burki, da cikakken gudunsa zai daki yaron. Wannan ne ya sa birane irin su Faris da Brussels suka maida yawancin titinansu kilomita 30 a 2021. Suwidin kuwa tun 1997 majalisarsu ta amince da wani tsari da ya ginu a kan cewa ɗan Adam dole zai yi kuskure, don haka a gina hanya yadda kuskuren ba zai zama ajali ba. Wallahi wannan tunani ya fi dacewa da mu fiye da su, don yaro ɗan shekara 6 ba ya iya auna gudun tifa, ko sau nawa malaminsa ya ce masa duba dama duba hagu.

Mu kuma me muke yi? Mu kafa allo a rubuta a rage gudu, wanda ba mai karantawa, ko mu ce a turo 'yan Karota, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano. Karota tana da amfaninta, ranar da suke tsaye kowa yana shiga taitayinsa, masu bin wanwe suna juyawa. Amma ba za su kwana a wurin ba, kuma ba su da yawan da za su tsaya a kowace kwana ta cikin birni da waje. Danja ma haka, in ba wuta ko batirin solarta ya mutu ta zama ƙarfe kawai, in ma tana aiki da ƙarfe 11 na dare wa yake tsaya mata? Abin da ke aiki dare da rana shi ne abin da aka gina a jikin titin. Tudun rage gudu na injiniya, mai faɗi da gangara a hankali wanda ba ya fasa ƙasan mota, an shafa masa fenti mai ƙyalli an sa alama kafin a iso. Wurin tsallakawa a ɗaga shi ya zama shi ma tudu ne, dole mota ta lallaɓa ta hau. In titin mai faɗi ne a yi ɗan tsibiri a tsakiya yadda tsohuwa za ta tsallaka rabi ta huta ta duba ɗaya hannun. Sai fitila mai haska daidai mararrabar. Duk wannan in aka haɗa bai kama ƙafar kuɗin gadar sama ba.

Akwai kuma abin da ba ma son a faɗa saboda ya shafi cin abincin mutane. Je ka tsaya a irin wannan mararraba ka kalli kwanar da kyau. Mai shayi yana nan, kwantenar mai POS tana nan, mai lemo da kankana ya baje, 'yan adaidaita sahu sun yi layi a daidai bakin kwanar suna lodi saboda nan fasinja yake. Tun da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013 adaidaita ta zama ita ce motar talaka, kuma ba wanda ya tsara mata wurin tsayawa a cikin unguwanni. To yaro gajere ne, in ya fito daga bayan adaidaitar da ta yi fakin direban da ke tahowa ba ya ganinsa sai ya shigo gabansa, shi ma yaron bai ga motar ba. Mai fitowa daga layi da mota shi ma sai ya turo hancinta tsakiyar titi kafin ya hango abin da ke zuwa. Ba na cewa a zo da buldoza a kwashe wa bayin Allah jari, sam, wannan zalunci ne kuma bayan sati biyu za su dawo. A zauna da su da mai unguwa da shugabannin 'yan adaidaita a matsa da kowa 'yan taku kaɗan daga kwanar, a shata musu wuri, a kafa ƙarafa a kwanar yadda ba mai iya fakin. Su ma 'ya'yansu ta nan suke bi. Kuma a Musulunci kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, limaman unguwa su riƙa tuna mana wannan a kan mumbari, ba sai ranar jana'iza a ce kwanansa ne ya ƙare ba. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba ta ɗauke wa kowa alhakin sakacinsa.

Wani abu da ke cutarmu shi ne yafiya ba tare da rubutu ba. An buge yaro, dangin direba sun zo da manya, an ce an yafe don Allah, shikenan an rufe magana. Yafiya alheri ce, amma haɗarin bai shiga littafin kowa ba, ba na 'yan sanda ba, ba na hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ba, don haka a takarda mararrabar lafiyarta ƙalau. Ku yafe, amma ku kai rahoto. Kwamitin unguwa ya sayi littafi ɗaya ya riƙa rubuta rana da lokaci da irin abin hawan da inda ya fito, har da waɗanda aka auna arziki ba a ji ciwo ba. Bayan 'yan watanni littafin da kansa zai nuna ko matsalar ta lokacin tashi daga makaranta ce ko ta tifofin yashi da asuba, kuma da shi za a je gaban hukuma, ya fi a je da kuka kawai.

Sannan a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. In titin na tarayya ne kamar hanyar Zariya ko ta Katsina, maganar ta Ma'aikatar Ayyuka ta tarayya ce da FERMA, hukumar gyaran titunan tarayya, in na jiha ne ma'aikatar ayyuka ta jiha da KARMA, hukumar gyaran titunan jihar Kano, ƙananan layuka kuma ciyaman da kansila ba su da inda za su ɓuya. Kafin a zo a yi aikin, iyaye da 'yan sintiri za su iya raba kwana, mutum biyu da riga mai ƙyalli su tsaya safe da yamma suna tsallakar da yara, FRSC ma tana da tsarin 'yan sa-kai da take horarwa, a nemi ta koya musu yadda ake tsaida mota ba tare da sun jefa kansu a haɗari ba. 'Yan majalisarmu kuma da ke rabon babura da kekunan ɗinki da sunan aikin mazaɓa, a kai musu littafin nan da sa hannun mai unguwa da limami da shugaban makaranta, a ce musu a kasafin bana mararraba kaza muke so a gyara, kuma a sa ranar da za a dawo jin amsa.