Bayan lambar yabo, wa zai duba lafiyar ɗan kwana-kwana?

Labarin nan duk yabo ne kan shekarun da mutumin ya kwashe yana aikin kwana-kwana har ya yi ritaya, amma ba ku faɗi abin da aikin ke bar wa masu kashe gobara a jiki ba. Hayaƙi ya fi wutar kanta kashe mutane a gobara, su kuwa cikinsa suke kutsawa, tukunyar iskar da suke goyawa ma wata minti 30 ce, in mutum na haki ga kaya masu nauyi ga zafi ko kaiwa haka ba ta yi. A 2022 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta sa aikin kashe gobara cikin abubuwan da ke jawo cutar kansa. Kai kuma malam mai cewa zaman banza suke suna jiran albashi, in an yi haɗarin mota wa ke yanka ƙarfe ya zaro mutum? Ambaliya fa? To an ba mai ritayar lambar yabo an ɗau hoto, in ƙirji ya fara ciwo wa zai biya masa kuɗin asibiti?