In bai sa hannu ba, manhajar ba taku ba ce

Tun jiya nake ganin ana ta jajanta wa wasu yara a intanet, masu wani kamfani da masu zuba jari suka juya wa baya saboda ba su da takardar mallakar manhajarsu, ana tsine wa wanda ya rubuta musu manhajar wai ya ci amana. Raina ya ɓaci matuƙa, amma fushina da yaran nake yi. Shekara biyu kuna gina kamfani a kan abin da wani ya rubuta, ko takarda ɗaya babu da ke nuna ya miƙa muku haƙƙin mallakarsa, sai da lauyoyin masu zuba jari suka tambaya sannan kuka farga? Masu zuba jarin sun janye kuɗinsu, kuma ko ni ne janyewa zan yi.

A dokokin ƙasashe da dama, wanda ya rubuta manhaja shi ke da ita tun daga ranar da ya rubuta, in dai ba ma'aikacinku ba ne da kuka ɗauka don wannan aikin. Kun biya shi ladan aikinsa, na ji, amma biyan lada bai mayar da ita taku ba. A Amurka ma doka ƙarara ta ce miƙa irin wannan haƙƙin sai a rubuce, da sa hannun mai shi. Kai kanka da ka kafa kamfanin, abin da ka ƙirƙira kafin a yi masa rajista naka ne, ba na kamfanin ba, har sai ka sa hannu ka miƙa. A sa hannu tun ranar farko, tun ana dariya da juna.

Na san za a cika min ƙasan rubutun nan da "ai abokinmu ne, tare muka taso". To Reggie Brown ma abokin Evan Spiegel ne a jami'ar Stanford lokacin da suka fara Snapchat. Da aka ture shi gefe ya kai ƙara, aka sasanta a 2014, kamfanin ya biya shi dala miliyan 157.5. Tagwayen Winklevoss da Mark Zuckerberg jami'a ɗaya suka yi, Harvard, aka kwashe shekara huɗu ana shari'a kan zargin ya kwashe musu dabarar da ya gina Facebook a kai, kafin Facebook ta sasanta da su a 2008. Abota ba ta hana komai ba. Masu cewa babu kuɗin lauya kuwa, kun samu na hayar ofis da na talla, na takarda shafi biyu ne ya gagara?

Kuma ba kowace takarda ba ce takarda. Jami'ar Stanford da duk lauyoyinta ta sha kaye a hannun kamfanin Roche a Kotun Ƙolin Amurka a 2011. Mai bincikenta ya sa mata hannu cewa zai miƙa haƙƙin abin da ya ƙirƙira, daga baya ya sa wa wani kamfani hannu cewa ya miƙa yanzu-yanzu, haƙƙin wannan kamfanin kuma ya koma hannun Roche. "Zan miƙa" da "na miƙa", a nan gizo ya yi saƙa. Wanda aka ce wa "na miƙa" shi ya tafi da rabonsa. In haka ta faru da jami'a irin wannan, ina ga ku da kuka tsaya a kan alƙawarin baki?

Allah ya sani ina tausayin yaran nan. Na san daren da ake raba wa a gaban kwamfuta, na san yadda ake jin nauyin miƙa wa amini takarda a ce sa hannu, kamar ana zarginsa. Amma takardar nan shi ma kariya ce gare shi, domin a cikinta ake rubuta hannun jarin da zai samu da lokacin da zai zama nasa. Da an yi haka, da yau yana cikin masu murna, da ba a zaginsa a intanet.

Af, tunda ana maganar, don Allah ku je ku duba da sunan wa aka sayi adireshin shafinku na intanet, da imel ɗin wa aka buɗe asusun da kuke ɗora manhajar a Play Store. Na taɓa aiki da wasu da ashe duk da imel ɗin wani ɗalibi mai neman sanin makamar aiki aka buɗe, ya gama watanninsa ya tafi, ya canza lambar waya. Sati uku muka yi muna cigiyarsa kafin wa'adin adireshin ya ƙare.