Je ka kira mai kamfanin

Jiya na share awa biyu da rabi a wani banki a nan Makka, da 'yar lamba a hannu, don kawai a sabunta bayanan asusun kamfaninmu. Kamfanin ma ba wani babba ba ne, shaguna biyu ne, ɗaya a Shara Mansur ɗaya a Jidda, muna sayar da darduma da carbi da jallabiya. Gadon Baba ne, ni da ƙanena.

Da aka kira lambata na miƙa fayil. Yaron da ke bayan tebur, wanda ɗana na biyu ma ya girme shi, ko buɗewa bai yi ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya turo fayil ɗin da yatsa ɗaya, ya ce, "Ya sadiƙ, je ka kira mai kamfanin."

Na ce ai ni ne.

"Kafilinka nake nufi." Wato ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo.

Na danne zuciya, na ciro katina na ɗan ƙasar Saudiyya na ajiye masa. Ya ɗauka ya juya gaba, ya juya baya, ya ɗaga shi sama kamar mai duba kuɗin jabu. Na ɗauka zai ji kunya. Ina! Sai ya jingina da kujera ya ce, "To wane ne mustafidul haƙiƙi? Wa ke bayanka?" Wato wane ne ainihin mai cin moriyar kamfanin.

Kun ji fa. Minti ɗaya da ya wuce ni yaron wani Balarabe ne, yanzu kuma na koma mai ara wa baƙo suna. Ta kowace fuska dai baƙin mutum mai sunan Hausawi ba zai mallaki shago biyu da guminsa ba. Kuma tasattur, wato ara wa baƙo suna ya yi kasuwanci a ɓoye, ba abin wasa ba ne, ɗaurin da ya kai shekara 5 ne da tarar da ta kai riyal miliyan 5, shi ya jefo min shi a gaban jama'a yana danna waya. Kakana da ƙafa ya taso daga Kano, ya ratsa Sudan, ya tsallako ta Suwakin, tun uban wannan yaro bai zo duniya ba. Ƙarshe ya ce takardar reshen Jidda ba ta yi masa ba, in dawo. Na ce doka ta ba da shekara 5 a gyara rajistar rassa. Ya ce, "Na gaba!"

Wallahi na gaji da wannan gyara na kashi-kashi. Sabuwar dokar kamfanoni ta fara aiki a Janairun 2023, aka ce shekara biyu a gyara takardar kafa kamfani, muka biya mu'aƙƙib, wato mai bin takardu a ofisoshi, da lauya muka gyara. Ko numfashi ba mu yi ba, Afrilun 2025 ta zo da sabuwar dokar sijil, wato rajistar kasuwanci, da ta sunayen kasuwanci da bayyana mai cin moriya. Kafin nan harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 a 2020, aka kawo rasit na kwamfuta a ƙarshen 2021, shi ma zango-zango. An ce sauƙi ake kawo mana. Sauƙi ne ga mai bene cike da akantoci. Mu da muke ƙirga carbi dozin-dozin, kowane zango rufe shago ne da biyan wani ya danna mana maɓalli.

Masu rubuta dokokin nan daga Riyad, wa ya taɓa tambayar ɗan tireda ko ya gama haɗiye ta bara? Ku koyar da masu zaman tebur dokar kafin ku sake ta a kanmu. Mu ma Hausawan muna da laifi, a wulaƙanta mutum ya ce "ma'alesh", wato ba komai, ya fita, sai an zauna shan shayi bayan isha'i a yi ta kumfar baki. Dattawa uku 'yan unguwarmu na zaune a layin nan jiya, duk sun ji, kowa ya sunkuyar da kai cikin wayarsa.

Lahadi zan koma, da ƙanena da katinsa da takardar gadon Baba mai hatimin kotu, in ga wa zai ce in kira kuma.