Ku daina fesa maganin kafireta a bakinta, ku kwance ta

Salamu alaikum 'yan uwa makanikan babur da masu acaɓa. Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojinmu: babur ya ƙi tsayawa a sulo, sai a cire iyakilina (matatar iska), a murɗa totur, a yi ta fesa maganin wanke kafireta a bakinta inji yana aiki. Salansa ta yi hayaƙi, mai babur ya ji daɗi ya biya, jibi ya dawo. A ganina wannan ɓarnar magani ce da kasada.

Dattin da ke hana babur sulo ba a maƙogwaron kafireta yake ba. Yana cikin kofin ƙasa inda mai ke taruwa, da cikin ƙaramin jet na sulo, wato ɗan notin tagulla mai rami da mai ke bi, wanda raminsa bai kai rabin milimita ba a babura irin su Boxer da Jincheng. Abin da ka fesa ta baki iska ce ke kwashe shi ta wuce da shi cikin inji, ko kusa da ramin nan ba ya zuwa. Idan kuma injin ya yi tari ya maido wuta ta baya, hannunka da gwangwanin ne a wurin.

Aikin gaskiya sai inji ya huce. Rufe makunnin mai, ka sassauta notin ƙasan kofi ka tsiyaye man a wani mazubi, ka duba shi: in ka ga ruwa kwance a ƙasa ko jan gari na tsatsa, to tankin ma yana son wanki. Cire kafiretar gaba ɗaya. Kafin ka cire notin iska, wanda ke daidaita iska da mai a sulo, ɗaure shi a hankali kana ƙirga zagaye har ya zauna, ba da ƙarfi ba, don bakinsa siriri ne. Galibi za ka samu zagaye 1 da rabi zuwa 2 da rabi, kuma adadin da ka samu shi za ka maida.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne roba. Maganin nan haɗi ne na sinadarai masu ƙarfi irin su asiton da toluwin da metanol, suna narkar da danƙon tsohon mai, suna kuma kumbura roba ko su busar da ita. Don haka a ware fakin kofi, da ɗan zoben roba na notin iska, da allurar fulot mai bakin roba, da fulot ɗin kansa (abin da ke shawagi a cikin kofi yana tsaida mai in ya cika) in na roba ne. Idan kafiretar irin mai faifan roba a sama ce, shi ma a cire shi. Sau da yawa kafiretar da ta fara ambaliyar mai bayan wanki, allurarta ce ta sha magani ta daina rufewa.

Sai a sa siririn tsinken gwangwani a kowane rami a fesa kaɗan-kaɗan, a tabbatar ya fito ta ɗaya ɓangaren. Ramukan kafireta a haɗe suke, ka fesa nan ya ɓullo ta inda ba ka zata ba, sau tari cikin ido. Shi ya sa ake sa tabarau na kariya. Jet kuwa a bar shi minti 10 a jiƙe, a ɗaga shi a haske a ga rami zagayayye. In ya ƙi buɗewa, sili ɗaya na wayar lantarki mai taushi ya isa. Allurar ɗinki ko wayar kebul ta fi tagullar jet tauri, tana faɗaɗa ramin, daga nan babur ya kama shan mai, fulogi ya riƙa yin baƙi. Iskar kwamfuresa a kan kafiretar da aka kwance kawai, in an busa ta a haɗe fulot na iya lotsewa.

Iyayen gida, ku hana yaran shago busa jet da baki bayan an fesa magani. Metanol in ya shiga ciki yana iya makantar da mutum. Haka wanke hannu da shi, yana ratsa fata yana tsattsage ta. In ya shiga ido a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15, sannan asibiti. In yaro ya haɗiya, kada a sa shi amai, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, a tafi asibiti da gwangwanin a hannu don likita ya karanta abin da ke ciki.

Tururin maganin nan ya fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa yake bi, yana iya kaiwa ga janareta ko risho ko guntun sigari ya kama. A yi aikin a waje. Kusa da mai walda ya fi muni, domin wasu nau'o'in masu sinadarin kulorin in suka haɗu da zafin walda suna fitar da iska mai guba da ke lalata huhu. A jikin gwangwanin an rubuta kada zafi ya wuce digiri 50. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu inuwa ma tana wuce 40, balle kan benci a rana ko cikin akwatin ƙarfe. Wanda ya ƙare kada a huda shi, kada a jefa shi bolar da ake cinna wa wuta.

Bayan an haɗa, a buɗe mai a jira minti 2 a ga ko yana ɗiga kafin a tada inji. Wanda ke sayen mai a galan a bakin titi ya sa 'yar matata a tiyon mai, lokacin hunturu kuma a riƙa wanke soson iyakilina duk mako, a ɗan shafa masa baƙin mai a matse kafin a maida.