Gadon da ya haɗa mu, gadon da ya raba mu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Akwai wata kalma a Hausa da in an rubuta ta ba ka gane wadda ake nufi sai an furta: gado. Akwai na kwanciya, akwai wanda mamaci ke bari. Ni duka biyun da mutum ɗaya na raba su, wato Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Kaina nake yi wa wannan nasihar, amma na ga gara in yi ta a bainar jama'a, ko Allah Zai sa wani ya tsinci kansa a ciki.

A tsohon garin Birnin Kebbi muka tashi. Ɗakinmu wani shago ne na ƙasa a jikin zaure na biyu, tagarsa ɗaya, ita ma ba ta fi faifai girma ba. Kayan ɗakin ba su da yawa: alluna biyu a jingine da bango, fitilar ƙwai, akwatin ƙarfe da muke cusa kayan sallarmu, sai tsohon gadon Inna da ta bar mana bayan an yi mata sabo. Katifar ta rimi ce, ta sha kwanciya har ta yi kwari a tsakiya. Kullum da dare sai mun yi faɗan wuri. Wata rana Yaya ya ɗauko gawayi ya ja layi a bango daidai tsakiyar gadon, ya ce, "Nan nawa na, can naka. Wanda yaƙ ƙetare ya sha rankwashi." Na yarda. Amma katifar ba ta san da wannan doka ba. Duk wanda ya kwanta a gefe sai ya gangaro, da asuba a same mu cure wuri ɗaya cikin gwado guda, ƙafata a kan wuyansa. Ga sauron fadama, wanda duk ɗan Kebbi ya san ba ya jin magani, ga ɗarin hunturu da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙyaure.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa ko matata ba. Na yi fitsarin kwance har na kusa shekara bakwai. Wanda ya tashi a gidan yawa ya san abin da ke jiran yaron da aka laƙaba wa sunan amalala: waƙa, tafi, wani gidan har kwaɗo ake ɗaura masa a ƙugu. Yaya ya girme ni da shekara uku kacal, amma shi yake tashi tun kafin kiran sallar farko, ya zare zanen shimfiɗa a hankali, ya ɗauraye shi a bakin rijiya, ya shanya a bayan ɗaki inda ba a gani, ya dawo ya juya katifar. Ran da Inna ta kama zanen ta ce, "Wa yay yi wanga aiki?" ina tsaye ina kyarma, sai na ji ya ce, "Ni na, Inna." Sati guda yaran gida suna yi masa dariya. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko a cikin faɗa.

Da Yaya ya cika shekara goma, Baba (Allah Ya jiƙansa) ya shigo da sabuwar tabarmar kaba ya ce daga yau kowa da makwancinsa. Ya karanta mana hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya ce a umarci yara da sallah suna da shekara bakwai, a hore su a kanta suna da goma, a kuma raba musu wurin kwanciya. Iyaye, wannan sunnar mun yi sake da ita, alhali yau ga waya a hannun kowane yaro. Ƙuncin gida ba hujja ba ne. Baba bai gina sabon ɗaki ba, tabarma ya saya. A raba maza da mata, kowa ya samu shimfiɗarsa da mayafinsa, gwargwadon hali. Baba ya ce babba ya hau gado, ƙarami ya sauka ƙasa. Yana fita Yaya ya jawo tabarmar ya kwanta, wai shi zafi yake ji. Cikin hunturu fa.

A kan tabarmar nan yake, kunnensa manne da ƙaramar rediyo, ranar 27 ga Agusta 1991 da Janar Babangida ya yanke Kebbi daga Sakkwato. Ya girgiza ni ya ce an ba mu jiha, garinmu ne babban birni. Na ce, "To mi za a ba mu?" na koma barci.

Sai gado na biyu.

Baba ya bar gida da gonar fadama. A da gonar nan ta cin gida ce, a yi shinkafar damina a zuba a rumbu. Amma tun da Shugaba Buhari ya zo Kebbi a Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance ta hannun Babban Bankin Najeriya, sai fadama ta zama zinariya. Noman rani ya kankama, injinan ban-ruwa suka cika bakin gulbi, kamfanonin casar shinkafa suka buɗe, ma'aikacin da bai taɓa riƙe fartanya ba ya fara neman eka. Ni ma ina cikinsu.

Rabon kansa bai zo da matsala ba. Malamai suka zauna suka bi aya ta 11 da ta 12 a Suratun Nisa'i, aka cire wa Inna tumuninta, mata suka karɓi nasu, maza suka karɓi nasu, babu wanda aka tauye. Rigimar a kan ɓangare ce: wa zai ɗauki gefen da ke da rijiyar ban-ruwa. Yaya ne ya haƙa ta da kuɗinsa. Shi ne ya yi shekara da shekaru yana taka laka tare da Baba, ni ina ofis ina jiran albashi, buhun shinkafa yana iske ni har gida. Na san duk wannan. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masu zuga suka ce mini don ya ga shi ne babba zai danne ni, in ban tashi tsaye ba 'ya'yana ne za su yi kuka. Na kai shi ƙara. Ni, na kai Yaya gaban alƙali. Da aka gama, aka zo aka kafa turaku aka ja iyaka a tsakiyar gonar, rijiya ta faɗa gefensa kamar yadda ya dace tun farko, ni kuma na ɗauke ƙafa daga gidansa.

Shekara uku. Mu haɗu a filin Idi in kau da kai. A yi suna a gidansa in aika da uzuri. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne a cikin shekarun nan ne na fi kowane lokaci ibada a zahiri. Sahun farko, tafsiri ba fashi, azumin Litinin da Alhamis. Alhali Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa a waɗannan ranaku biyu ne ake gafarta wa duk bawan da ba ya shirka, sai dai wanda ke da gaba tsakaninsa da ɗan'uwansa, sai a ce a jinkirta wa waɗannan biyun har su shirya. Ina shan ruwa da magariba ina jin na yi abin kirki, ban tsaya na tambayi kaina ko ina cikin waɗanda aka ce a dakatar ba. Kwana uku Annabi (SAW) ya iyakance wa ƙaurace wa ɗan'uwa musulmi, a hadisin Abu Ayyub da Bukhari da Muslim suka kawo, ya ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Wannan ma kowane musulmi ke nan, ina ga wanda kuka sha nono ɗaya? A kansa ne hadisin Jubairu ɗan Muɗ'im ya zo, gajere mai firgitarwa: mai yanke zumunta ba zai shiga Aljanna ba.

Ambaliyar 2020 ta shanye fadamar gaba ɗaya, tawa da tasa, ta tafi da turakun iyakar. Da ina da hankali da nan na farga. Ban farga ba. Da ruwa ya janye ni na fara aika yaro ya nemo inda turakun suke.

Abin da ya karya ni ƙaramin abu ne. Ina tafe da ɗana a kasuwa, ɗan Yaya ya taho, sa'ansa ne, sai na ga yarona ya sunkuyar da kai ya wuce shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Ban taɓa ce masa ya yi haka ba. Kallona kawai ya yi ya koya. A daren nan na shiga ɗakinsu na same shi da ƙanensa suna barci, ɗaya ya ɗora ƙafa a kan ɗaya, na tsaya a bakin ƙofa ina tunanin wane gado ni kuma nake shirin bar musu.

Ku duba Annabi Musa (AS). Da Allah Ya aike shi wurin Fir'auna, cikin abubuwan farko da ya roƙa akwai ɗan'uwansa Haruna, kuma amsar tana Suratul Ƙasas aya ta 35: za Mu ƙarfafa damtsenka da ɗan'uwanka. Ku duba Annabi Yusuf (AS), wanda 'yan'uwansa suka jefa rijiya. Ranar da suka zo hannunsa cewa ya yi babu zargi a kanku yau. Da ya zo ba da labarin abin da ya faru a gaban mahaifinsa, a aya ta 100 ta Suratu Yusuf, ko rijiyar bai ambata ba, sai ya ce bayan Shaiɗan ya ɓata tsakanina da 'yan'uwana. Shi an jefa shi rijiya ya yafe, ni kuwa a kan rijiyar da ba ni na haƙa ba na yanke zumunta.

Mu mutanen ƙasar Gwandu ma ba sai mun je nesa ba. Bayan rasuwar Shehu Usmanu a 1817 an samu 'yar tsama tsakanin ƙanensa Malam Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello kan jagoranci. Amma da tawayen Kalambaina ya tsananta wa Abdullahi, Bello bai ce ina ruwana ba, ya taho da runduna ya taimaki baffansa, a nan kuma suka shirya. Waɗannan daula ce a tsakaninsu, ba eka biyu ta shinkafa ba.

Na san wani zai ce ai shi aka zalunta, shi ne mai gaskiya. Wataƙila haka ne, kuma neman haƙƙi ta hanyar shari'a ba laifi ba ne, musamman ga mata da marayun da ake cinye wa gado a garuruwanmu, wannan zalunci ne da ba a yi masa kwaskwarima. Nemi haƙƙinka, amma kada ka haɗa da sallama da gaisuwar rashin lafiya da zuwa jana'iza. Bukhari ya ruwaito cewa mai sada zumunta ba shi ne wanda ke rama ziyara da ziyara ba, shi ne wanda in an yanke masa sai ya sada. Kuma zumunta a ƙafa take. Tura "Juma'at Mubarak" a WhatsApp ɗin dangi ba ya sauke ta.

Wata Alhamis bayan isha'i na tafi tsohon gidanmu, inda yake zaune har yanzu. Sau biyu ina kaiwa bakin zaure ina juyawa. Na uku na yi sallama. Yana zaune a ƙofar shagon nan namu, wanda yanzu ya koma ma'ajiyar buhuna da injin ban-ruwa. Na durƙusa na fara jero kalaman da na haddace a hanya, bai bari na kai rabi ba ya ce, "Tashi, ka ci tuwo?" Muka ci a akushi ɗaya, ba mai cewa komai, sai Inna da muke jiyo kukanta daga cikin gida tana ta hamdala.

Dare ya raba, na miƙe zan tafi. Ya ce ba inda za ni, ya sa aka kawar da buhuna biyu, ya shiga ya fito da tabarma ya shimfiɗa mini da hannunsa. Har ya juya zai fita, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Amma ka yi hankali, wagga tabarma sabuwa ta."